Gidan Ɗan Hausa da maginan da suka ɗaga shi

A Maseru, babban birnin Lesoto, akwai kantin kayan sana'ar hannu da aka gina da siffar malfar Basotho, wadda suke kira mokorotlo, irin wadda ke tsakiyar tutarsu tun 2006. Kafin baƙo ya shiga ya taya tabarma, ginin ya riga ya gaya masa su wane ne masu ƙasar. A ƙasar Hausa, ginin da ke yin irin wannan aiki shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano.

Sunan na Hanns Vischer ne, haifaffen Basel ta Suwizalan a 1876, wanda ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906. Iya Hausarsa ta sa aka yi masa laƙabin. A 1909, shekara shida kacal bayan yaƙin Mbormi a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Ban da karatun 'ya'yan sarakuna da malamai, an ware sashen koyon sana'a, su dukanci da ƙira da sassaƙa.

Sai dai abin da ke tsayar da mai ziyara aikin magina ne. Tubalin ƙasa suka jera, suka ɗaure rufin da azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba. Ka ɗaga kai a cikin soro, ka ga bakan gizo ya taso daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa, ba ƙarfe ba siminti. A waje ga zankwaye, ga zane a fuskar bango, ga makuba da ke kare shi daga ruwa. Da tsakar rana a watan Afrilu ma ɗakin da sanyinsa. Abin da ke ci mini rai, sunan Bature kowa ke kira, alhali hannun Kanawa ne ya ɗaga soron.

Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ana baje kayan gargajiya a ciki. Ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe bayan damina, masu iya ɗaurin bakan gizo kuma suna ta ƙaranci tun da bulo da kwano suka karɓe unguwanni.