Mene ne aikin sabon injiniyan gwajin motoci?

Kafin sabuwar mota ta isa kasuwa, sai ta ɗanɗana kuɗarta a hannun masu gwaji: a yi ta gudu da ita kan gargada, a ajiye ta a ɗakin sanyi da na zafi, daga bisani a gwara ta da bango. Kaso mai tsoka na wannan aiki yana wuyan matasan injiniyoyi ne da ba su daɗe da barin jami'a ba.

Ba sabon injiniya ke zana mota ba. Nasa shi ne ɗaura mata na'urorin auna zafi da girgiza da ƙarfin birki, ya tabbatar ma'auninsu daidai yake, ya bi ƙa'idar gwajin daki-daki, sannan ya tace alƙaluman a kwamfuta ya rubuta rahoto. Sakaci na da tsada: waya ɗaya da ta kwance kan ɓata gwajin karo, wanda ba ya maimaituwa sai an sadaukar da wata motar.

A Birtaniya ana irin wannan aiki a cibiyar MIRA da ke kusa da Nuneaton, wadda aka kafa a 1946, da filin Millbrook a yankin Bedfordshire. Da hunturu kuwa, kamfanoni kan tura ma'aikatansu garin Arjeplog na arewacin Sweden, inda ake gwada birki da tayoyi a kan daskararrun tafkuna.

Galibi ana neman digirin injiniyan kanikanci ko na lantarki, da lasisin tuƙi, da sanin manhajoji irin su MATLAB ko Python. Yaɗuwar motocin lantarki ta ƙara buƙatar masanan batir.

Nauyin aikin ya wuce na fasaha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa haɗurran hanya na halaka kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara. Haka kuma, ƙaramar tawaga ce ta Jami'ar West Virginia a Amurka, ciki har da ɗalibai, ta auna hayaƙin motocin Volkswagen masu amfani da dizal a kan titi, ta ga ya ninka na ɗakin gwaji sau da yawa. A 2015 kamfanin ya amsa cewa ya sanya manhajar maguɗi a motoci kusan miliyan 11.