Daga Audugar Gozaki Zuwa Threads: Idan Babba Ya Shigo Kasuwar Ƙanana

Kafin zuwan Turawa, audugar ƙasar Gozaki da Maska tana yawo ne a kasuwanni masu cin gashin kansu. Manomi ya sayar, mata su kaɗa zare, masaƙa da marina su karɓa, kowace kasuwa da sarkinta. Da kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, bai rushe kasuwannin ba. Amma sannu a hankali irin shuka da ma'auni da farashi suka koma hannun babban mai saye da gwamnatin mulkin mallaka.

Irin wannan fargaba ce ta kama duniyar Fediverse, wato dubban ƙananan dandalin sada zumunta, kowanne da mai kula da shi, waɗanda ke gaisawa da juna ta ƙa'idar ActivityPub da aka amince da ita a 2018. Mafi shahara a cikinsu shi ne Mastodon, wanda Eugen Rochko ya ƙirƙiro a 2016. A Yulin 2023 kamfanin Meta ya ƙaddamar da Threads, ya samu mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, kuma a Maris na 2024 ya fara haɗa shi da Fediverse. Tun kafin haka wasu masu kula da ƙananan dandalin suka yi alkawarin toshe shi.

Tarihi ne hujjarsu. Google Talk ya fito a 2005 bisa buɗaɗɗiyar ƙa'idar XMPP, ya tara jama'a, sannan a 2013 Google ya koma Hangouts, ya juya wa ƙanana baya. Ta fuskar tace saƙonni kuwa, lokacin da dandalin Gab mai tsattsauran ra'ayi ya shigo a 2019, toshe shi bai yi wuya ba. Toshe Threads kuwa na nufin raba mutum da miliyoyin jama'a, ƙyale shi kuma na nufin 'yan sa-kai ƙalilan su tace ambaliyar saƙonni, har da na Hausa da yawancinsu ba sa ji.

Saura batun sirri. Duk saƙon da ya tsallaka zuwa wani dandali, kwafinsa ya zauna can, gogewa kuma sai da yardar mai masauki. Nijeriya ta riga ta san Meta a wannan fage: a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tararsa dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan masu amfani da Facebook da WhatsApp.

Duk da haka, ƙasar da aka dakatar da Twitter a cikinta daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ta san haɗarin dogaro da ƙofa ɗaya. Buɗaɗɗiyar kasuwa tana da amfani, muddin ma'auni bai koma hannun mai saye guda ba.