Daga Jigo Zuwa Allon Kwamfuta: Yadda Aka Koyi Leƙa Cikin Injin Ban-Ruwa

Masu rubuta tarihin kwarin Kogin Haɗeja sun fi karkata ga sarauta da yaƙi, tun daga zamanin Sarki Buhari har zuwa karon da aka yi da Turawa a 1906. Ni kuwa wani tarihin nake so in bi, wanda ba a cika waiwayarsa ba: yadda ake ɗaga ruwa daga kogi zuwa gona, da yadda sanin abin da ke ɗaga shi ya suɓuce daga hannun mai gonar. A ganina, wani nau'in zane na injiniyoyi, wanda ke buɗe gefen na'ura don a ga cikinta, yana cikin hanyoyin da za su maido da wannan sani gida.

Kakanninmu a fadamun Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja da jigo suka yi noman rani. Jigo ba shi da rufi: doguwar sanda ce bisa gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka ko dutse a ɗaya kan. Yaron da ya tsaya kallo na yini guda ya gama fahimtar yadda yake aiki. In igiya ta tsinke ko gwafa ta karye, mai lambu ne ke gyara abinsa da itacen da ke kusa. Wahalarsa mai yawa ce, ruwansa kaɗan, amma iliminsa duka a fili yake.

Sai al'amura suka sauya. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama kowace damina ta rage ƙarfi, ga kuma farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980. A cikin shekarun 1980 ne hukumar raya aikin gona ta tsohuwar Jihar Kano, wato KNARDA, ta yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa masu shan fetur da gajerun rijiyoyin bututu. Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya ya ci gaba da wannan aiki. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka samu fili, jigo ya koma labari.

Amma injin rufaffen abu ne. A cikin ƙoƙonsa akwai farfela da ke juyawa bisa sandar ƙarfe, tana wurga ruwa waje, wurgin kuma shi ke janyo wani ruwan ta mesa. Inda sandar ta ratsa ƙoƙon akwai sil, wanda ke hana ruwa fita, ya hana iska shiga. Yashin kogi yana cin farfela, yana cin sil. Da zarar iska ta samu kafa, injin zai yi ta ruri ba ɗigon ruwa. Manomin da tumatirinsa ya fara fure ba shi da kwanakin jira: ko dai ya ɗora injin a babur ya nemi bakanike, ko ya zuba ido shukarsa ta yi yaushi. Abin da jikan mai jigo ya rasa ke nan, wato ganin ciki.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba, kuma abin lura shi ne, wurin masu ɗaga ruwa aka fi neman maganinta. A 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori hamsin a Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Biyar daga cikinsu na ɗaga ruwa ne, kuma ya zana su yadda mai karatu zai ga haƙoran ƙafafun da bututun da ke ɓoye. A 1556 aka buga littafin Bajamushe Georgius Agricola kan haƙar ma'adinai, inda masu zanen suka yaye gefen ƙasa don a ga famfunan da ke kwashe ruwa daga ƙarƙashin ramuka. A ƙarshen ƙarni na 18 Gaspard Monge na Faransa ya kafa wa zanen injiniya dokokin lissafi, ta yadda wanda ya zana da wanda zai ƙera za su fahimci juna ko ba su taɓa haɗuwa ba. Daga nan aiki ya zauna a kan takarda da fensir har 1963, lokacin da Ivan Sutherland ya nuna Sketchpad a Amurka, manhajar da ta buɗe ƙofar zane da kwamfuta. AutoCAD ta fito a 1982, SolidWorks a 1995.

Injiniyoyi suna da yanka iri-iri. Akwai cikakken yanka, kamar a raba duma biyu a yi ƙorai: ciki duka ya bayyana, amma siffar waje ta tafi. Akwai kuma yankan ɓangare, wanda ya fi kama da abin da mai kankana ke yi a kasuwa, ya yanka 'yar taga don mai saye ya ga ja, kankanar kuma tana nan ɗungurungum. Wannan na biyu shi ya fi dacewa da na'ura mai sassa da yawa. A kwamfuta, mai zane yakan fara gina kowane sashe da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, ya harhaɗa su yadda suke zaune a injin. Sannan ya kewaye wurin da yake so ya buɗe da lanƙwasasshen layi, ya faɗa wa manhajar zurfin yankan, misali har tsakiyar sandar farfela. Sai ta ɗebe abin da ke gaba, ta bar sauran jikin injin yadda ido ya saba ganinsa.

Akwai ƙa'idojin da kwamfuta ta gada daga zamanin fensir. Fuskar da aka yanka akan cike ta da siraran layuka a karkace, kuma sassa biyu da ke maƙwabtaka ba a karkata layukansu fuska ɗaya, don a gane inda ƙoƙo ya ƙare, sil ya fara. Sandar juyi da kusoshi da notuna kuwa ba a yanka su a tsaye, ana barinsu cikakku, domin babu abin gani a cikinsu. Mai zane ne ke zaɓar abin da za a keɓe daga yanka. Saboda haka aikin ba na danna maɓalli kawai ba ne: sai wanda ya san inda injin ke ciwo zai san inda zai buɗe taga.

A nan ne nake ganin dama. Bakaniken garinmu ya san ciwon injin da kunne da yatsa, amma saninsa a kansa yake, sai yaron da ya daɗe a gabansa ke ɗiba. Ɗalibi kuwa yana iya sarrafa manhaja bai taɓa kwance famfo ba. Tun 2013 akwai jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja. In ɗalibi ya zauna da bakanike suka auna sassan famfon inci uku, suka fitar da zanen da ke nuna mazaunin sil da ratar farfela, da bayani cikin Hausa, to mai zubin alminiyum da mai sassaƙa ƙarfe sun samu ma'auni, manomi kuma ya samu abin dubawa kafin ya kwance noti.

Ban ce zane zai sauke kuɗin fetur ba, ko ya share kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa. Abin da zai iya shi ne ya mayar da injin abin fahimta, kamar yadda jigo yake a da. Gani ya kori ji. Al'ummar da ke rayuwa da na'urar da ba ta san cikinta ba aro take yi, ko da kuwa da kuɗinta ta saya.