'Ya'yan UPE a Birnin Kano: Daba da Alƙalami

A watan Satumba na 1976 ne gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wato UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasar nan, sai ga kimanin miliyan 3 sun yi dafifi. A cikin ganuwar Kano, inda tun zamanin makarantar Ɗan Hausa ta 1909 iyaye ke ɗari-ɗari da boko, masu unguwanni suka riƙa bi gida-gida ana rubuta yara. Azuzuwa ba su isa ba, malamai kuwa da yawansu horon gaggawa aka yi musu aka danƙa musu alli.

Waɗannan yara su suka gama firamare a 1982, daidai lokacin da aka soma tsarin 6-3-3-4. A takarda tsarin ba shi da laifi, domin an ce yaro zai koyi kafinta da aikin ƙarfe da lantarki tun daga ƙaramar sakandare. Mu da ke koyarwa mun san inda aka kwana. Injunan da aka sayo daga ƙasashen waje sun yi tsatsa cikin akwatunansu a makarantu da dama, ba wuta, ba mai koyarwa. Kafin rukunin farko ya kammala sakandare a 1988, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya riga ya karya darajar naira, masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa sun fara sallamar ma'aikata. Yaro ya bar sana'ar gidansu ta dukanci ko rini saboda boko, bokon kuma bai kai shi ofis ba.

Wasu daga cikinsu daba ta kwashe. Ita daba ba UPE ta haife ta ba. Tushenta na wajen mafarauta da 'yan tauri, sannan 'yan bangar siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950 suka ƙara mata kaifi. Amma a shekarun 1980 ta sami sababbin ɗalibai, ta kuma ba su abin da aji mai yara ɗari ya kasa ba su: shugaba wanda ya san sunan kowa, da laƙabi, da kirari, da 'yan'uwan da za su tsaya maka ranar rigima. Abin da ya biyo baya na sara da suka da ɗaukar amarya, babu mazaunin birni da ke bukatar a tuna masa.

Sai dai akwai ɓangare na biyu da masu tarihin ilmi ba su cika waiwaya ba, alhali mu marubuta shi ya fi shafa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshensa a shekarun farko na firamare. Don haka dubban yaran da Turanci ya gagara sun fito sun iya karanta Hausa, musamman 'yan matan da aka cire aka yi wa aure. Ga masu karatu, babu abin karantawa, domin kamfanin NNPC na Zariya ya fi mai da hankali ga littattafan manhaja. Hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta ƙara yawansu da manya. Ta ajin manya ne Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi bokonsu. Balaraba ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙungiyar Raina Kama, wadda su biyun da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa ke ciki, ta zama makarantar da gwamnati ba ta gina ba: a karanta wa juna rubutu, a gyara, a taimaki sabon shiga ya kai ga maɗaba'a. Haka ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa, wadda ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990.

Malaman jami'a ba su yi maraba da su ba. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, ya soki ƙa'idar rubutunsu da kwaikwayon finafinan Indiya, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su. A ganinmu sukar ƙa'idar rubutu gaskiya ce, sai dai da an fara aika ta ga azuzuwan da suka yaye marubutan, mu da muke tsaye gaban allo. Hukuma ma daga baya ta sa su a layin masu ɓata tarbiyya: an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta.