Harafi ɗaya a kan dutsen kabari

Aiki ya kai ni Lokoja makon jiya, sai na leƙa tsohuwar maƙabartar Turawa. Mu da ba mu saba rubutu a kabari ba, na tsaya ina ta kallon haruffa kamar ɗan aji ɗaya.

R.I.P. dai Latin ne, addu'ar ya huta lafiya. IHS kuwa haruffan farko ne na sunan Annabi Isa da Girkanci.

Amma wanda ya riƙe ni shi ne WAFF, rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Sai a 1928 aka ƙara mata R a gaba, alamar ta zama ta Sarkin Ingila. To kun ga ko shekara ta goge, harafin nan zai gaya maka zamanin da aka sassaƙa dutsen.

Wannan RWAFF ɗin, da tambarinta na bishiyar kwakwa, ita ce a kan kaburburan sojojinmu a Taukkyan, kusa da Yangon, waɗanda suka tafi yaƙin Bama ba su dawo ba. NA kafin lambar soja na nufin Najeriya, GC kuma Gana ta yau. Musulmi an sa musu rubutun Larabci maimakon gicciye.

Ƙanin kakana yana cikin waɗanda suka tafi. An rubuta shi da sunan garinmu a madadin na mahaifinsa, kamar yadda aka yi wa da yawa, lambarsa kuma ta ɓace tare da akwatin kakata. Jama'a, wanda ke da takardar sallamar kakansa, don Allah ya ɗauki hoton lambar nan tun yau.