Daga Kasuwar Kifi Zuwa Janiba: Nazarin Gwagwarmayar Talakawa da Ɗalibai Kan Makaman Nukiliya

Kafin mu shiga batun, sai mun tantance kalmomi uku. Makamin nukiliya, wanda gidajen rediyo suka fi kira makamin ƙare-dangi, shi ne bam ɗin da ƙarfinsa ke fitowa daga fasa ƙwayar zarra ko haɗe ta, ba daga albarushi ba. Burbushi kuwa shi ne ƙurar da fashewar ke tayarwa sama ɗauke da guba marar launi marar wari, iska ta kai ta inda ba a zata ba. Gwagwarmayar tushe ita ce yunƙurin da mutanen da ba su riƙe da muƙami suka fara da kansu, kamar matan aure da masu sayar da kifi da ɗalibai. Ta fuskar hanyar aiki, muna iya raba ta kashi uku: tara sa hannu a takardar koke, tare hanya da jiki, da ba da shaida. Abin da muke son nunawa shi ne, ba tsoron yaƙi ne ya fi tayar da talaka ba. Ya fi motsawa a ranar da gubar ta shiga tukunyarsa.

Kashi na farko ya fi fitowa fili a Japan. Ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik. Wani jirgin masunta mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki, yana kamun kifi a wajen iyakar da aka ce ita ce ta haɗari. Bayan fashewar, farar toka ta yi ta zuba musu a ka da kafaɗa har tsawon sa'o'i, ba su san mece ce ba. Kafin su isa gida fatarsu ta fara saɓulewa, gashi na zuba. Mai kula da rediyon jirgin, Kuboyama Aikichi, ya rasu a watan Satumba na shekarar. Sai dai abin da ya girgiza ƙasar shi ne kifin. Jami'ai suka riƙa bin kifin tuna ɗaya bayan ɗaya da na'urar auna guba, wanda ta yi ƙara a kansa a binne shi ko a zubar a teku, ciniki ya tsaya cak. A unguwar Suginami ta birnin Tokyo, matan aure da ke haɗuwa don karatu a zauren unguwa, tare da wani malamin shari'a, Yasui Kaoru, suka ɗauki takardar koke suna bi gida-gida. Zuwa Agustan 1955 an tara sa hannu sama da miliyan 30, kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen ƙasar, aka kuma yi babban taron duniya na farko kan haramta waɗannan makamai a Hiroshima.

Me ya sa koken ya karɓu haka? A ganinmu, don masu shi sun ƙi jingina shi da jam'iyya, sun kuma nemi kowace ƙasa ta daina, ba ɗaya kaɗai ba. Hujjarmu ita ce abin da ya biyo baya. Da Tarayyar Sobiyet ta koma gwaji a 1961, sai aka shiga gardamar ko ita ma a la'ance ta. 'Yan kwaminis suka ƙi, 'yan gurguzu masu sassauci suka dage, ƙungiyar Gensuikyo da aka kafa a 1955 domin ci gaba da wannan gwagwarmaya ta dare, ɓangare ɗaya ya kafa Gensuikin a 1965. Abin da kifi ya haɗa, siyasa ta raba.

Kashi na biyu ya shafe mu kai tsaye. Da Faransa ta shirya gwaji a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mutanen Afirka ta Yamma sun san inda iskar hunturu ke fitowa da inda take sauke ƙurarta. A watan Disamba na 1959 wani ayari ya tashi daga Akra, da 'yan Ghana da wasu 'yan Afirka da baƙi irin su Michael Scott da Bayard Rustin, da nufin isa filin gwajin su zauna a ciki. Faransawa suka tare su a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Bam ɗin ya tashi ranar 13 ga Fabrairu, 1960. Idan da ƙafa ake aunawa, ayarin bai kai ko'ina ba. Amma batun ya shiga bakin jama'a, kuma bayan gwaji na uku, Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, tana 'yar wata uku da samun 'yanci.

Kashi na uku, ba da shaida, shi ne inda ɗalibai suka fi tasiri, kuma dalilin a bayyane yake. Hibakusha, wato waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945, su ne masu labarin, amma ƙaraminsu a yau ya kai shekara 80. Ƙungiyarsu, Nihon Hidankyo, ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2024. Ɗalibi ba shi da ƙuri'a mai nauyi, ba shi da kuɗi, abin da yake da shi shi ne kunne da sauran shekaru a gaba. Tun 1998, bayan Indiya da Pakistan sun yi nasu gwajin, Nagasaki take tura 'yan sakandare a matsayin jakadun zaman lafiya. Suna zama gaban tsofaffin su saurara, su tsaya bakin titi da allo suna roƙon masu wucewa su sa hannu, sannan su ɗauki takardun zuwa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba.

Saura mu auna abin da aka samu, kuma a nan dole mu bambanta hana gwaji da kawar da makami. Na farkon ya samu rabi: yarjejeniyar 1963 ta hana gwaji a sararin sama da cikin ruwa, ta bar na ƙarƙashin ƙasa. Na biyun har yanzu a takarda yake. A Yulin 2017 ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya, bayan kamfen ɗin gamayyar ƙungiyoyi ta ICAN, ta kuma fara aiki a Janairun 2021. Nijeriya ta tabbatar da ita ranar 6 ga Agusta, 2020, ranar tunawa da Hiroshima. Babu ko ɗaya cikin ƙasashe tara masu makaman da ta shiga. Ita ma Japan, wadda 'ya'yanta ke kai takardun Janiba, ba ta sa hannu ba, domin tsaronta ya dogara da makaman Amurka.