Daga kakin kyandir zuwa fila: tarihin allurar ciko fuska

1/ Jama'a, ga zare. Tallan allurar ciko kumatu da leɓe ya cika Instagram da TikTok, har ana cewa "sabuwar fasaha". Ba sabuwa ba ce, ta haura shekara 130. Ku biyo ni mu ga inda aka faro da waɗanda suka ji jiki a hanya.

2/ Farko, me ke sa fuska tsufa? Ba fata kaɗai ke saki ba. Kitsen kumatu na raguwa yana zamewa ƙasa, ƙashin fuska ma na raguwa. Mu nan Gwadangaji idan aka ce "ta yi kumatu" yabo ne, idan aka ce "ta zabge" an san da magana. Wanga ramin da ya bayyana shi likitoci ke neman cikewa.

3/ A 1893 wani likitan fiɗa ɗan Jamus, Gustav Neuber, ya yanko ɗan kitse daga hannun majinyaci ya cike masa tabon da ya lotsa kusa da ido. Ku lura, magani ne aka fara da shi, kwalliya daga baya ta shigo. A Yaƙin Duniya na Farko ma da kitsen aka riƙa gyara fuskokin sojoji.

4/ A 1899 Robert Gersuny na birnin Biyana ya fara ɗura farafin, dangin kakin kyandir, cikin jikin mutum. Ga arha, ga sakamako nan take. Turai ta ɗauka da zafi. Bayan shekaru sai kakin ya fara daskarewa, yana yin ƙulu, yana yawo ƙarƙashin fata.

5/ Gladys Deacon, wadda ta zama matar wani basarake a Ingila, tana cikin kyawawan zamaninta. Ta sa an yi mata allurar kakin a karan hanci. A hankali ya gangaro mata har haɓa, ya ɓata fuskar. Garin neman gira an rasa ido.

6/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ruwan silikon, daga Japan har Amurka. Labarin bai canza ba: kumburi, gyambo, ƙulu, kuma jiki ba ya narkar da shi. Har gobe hukumar FDA ta Amurka ba ta yarda a ɗura shi don ciko fuska ko ƙugu ba.

7/ A 1981 aka amince da Zyderm, kolajin da aka tato daga fatar shanu. Sai an fara gwada ɗan kaɗan a hannu, don jikin wasu ba ya karɓa. Wata kaɗan kuma ya baje.

8/ Kitse ya dawo da ƙarfi da aka iya zuƙo shi da bututu. A shekarun 1990 likita Sydney Coleman na Amurka ya tsara hanyar: a zuƙo daga ciki ko cinya, a tace, a dasa kaɗan-kaɗan. Naka ne, jiki ba zai ƙi shi ba. Amma wani kaso yana narkewa, shi ya sa wasu ke komawa karo na biyu.

9/ A 2003 FDA ta amince da Restylane, wanda aka yi da sinadarin hayaluronik, irin wanda ke cikin fatarmu. Yakan yi wata shida zuwa shekara, kuma akwai allurar da ke narkar da shi idan an samu matsala. Duk da haka, idan ya faɗa jijiyar jini fata na iya mutuwa, ido na iya makancewa.

10/ Gida Najeriya fa? A Oktoban 2005 uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan tiyatar rage kitse. Idan hakan ta faru a asibitin Turai, ina ga wadda za a yi wa allura a ɗakin otal ko bayan shagon kwalliya?

11/ Kuma gyaran fuska na gaskiya yana nan kusa da mu. Asibitin cutar noma da ke Sakkwato, tun 1999 ake sake gina fuskokin yaran da cutar ta cinye wa kunci da leɓe. Irin sana'ar da Neuber ya yi ke nan, a hannun waɗanda suka karance ta.

12/ Abin da na tsinta a tarihin nan: kowane zamani an ce musu "wannan ba ya da illa", illar kuma sai bayan shekaru take fitowa, lokacin mai allurar ya daɗe da canza lamba.

13/ 'Yar uwa, in har kin yanke sai kin yi, ki yi tambaya uku. Mene ne cikin sirinjin, da sunansa da lambar NAFDAC? Mai yi likita ne mai rajista da MDCN? In ta ɓaci, yana da maganin narkarwa a wurin? Duk wanda ya ce miki "na dindindin ne", ɗauki jakarki. Na dindindin shi ne wanda ba ya fita ko kin yi kuka.

14/ Ku tura wa ƙawayenku da ƙannenku kafin bikin da ke tafe. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka.